Ranar da na yi wa wata baiwar Allah fami

A 2019, lokacin da mutane suka fara tsallako iyaka daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, ina cikin 'yan sa-kai da aka ɗauka. Aikina rajista ne da tafinta tsakanin Hausa da Faransanci, biro da takarda kawai gare ni, ban san komai ba kan ciwon firgici. Yawancin waɗanda muka tarba wajen Gidan Rumji mata ne da yara, da yawa daga yankin Sabon Birni da Isa, Gobirawa ne 'yan'uwanmu, yare ɗaya abinci ɗaya, shi ya sa na ɗauka ai aikin ba zai min wuya ba.

Satin farko na samu wata dattijuwa zaune gindin bedi ta ƙura wa ƙasa ido, kwananta uku da zuwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Inna ba ni labari tun daga farko, ki amayar da abin da ke cikinki za ki ji sanyi. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Ta fara, babura da asuba, harbi, rumbu yana cin wuta, da ta zo kan mai gidanta sai muryar ta sarƙe, ni kuma maimakon in yi shiru sai na ce sai me ya faru Inna, ina rubutawa. Jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya keto mata duk da iskar da ake yi. Washegari surukarta ta tare ni ta ce jiya ba su runtsa ba, kwana ta yi tana zabura tana cewa ga su nan. Daga ranar in ta hango ni sai ta juya baya. Fami na yi mata, kuma har na koma gida ina ganin na yi aikin lada.

Sai daga baya aka ba mu horo kan taimakon farko na zuciya, daga littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 tare da wasu ƙungiyoyi. Abu uku ne a cikinsa, ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da abin da yake buƙata. Babu inda aka ce ka tono labari. Hukumar ma ba ta goyon bayan a zaunar da wanda abu ya faɗa wa kwanan nan a sa shi ya zayyana komai a zama ɗaya, don bincike bai nuna hakan yana hana ciwon ba. Ina zaune a ajin nan kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, ai mu ma mun san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, takarda ce ta rufe min ido.

Toh me ake yi kenan? Abin da a da nake rainawa. Ruwa, tabarma a inuwa, wurin kewayawa da mace za ta je da dare ba tsoro, bayani na gaskiya kan gobe da wane lokaci za a raba abinci. Wata matashiya na zauna kusa da ita kusan awa ban ce uffan ba, can ta ɗago ta ce Yaya ko da inda zan sa caji? Lambar ƙaninta ce a wayar, sun rabu a daji. Muka sa cajin, muka kira, ya ɗauka, yana wani ƙauye gaba kaɗan. Daren nan ta yi barci.

Wani abin da na koya shi ne lissafin lokaci. A makonnin farko rashin barci, zabura, kuka, mantuwa, duk jiki ne yake amsa abin da ya gani, kuma mutane da yawa yana lafa musu da kansa in sun samu natsuwa da dangi. Sai abin ya wuce wata guda mutum yana ganin abin kamar yanzu yake faruwa, yana gudun duk abin da zai tuna masa, kullum a tsorace, ya kasa harkar gabansa, sannan likitoci ke maganar ciwon firgici mai daɗewa. Ƙididdigar da hukumar ta fitar a 2019 ta ce wajen mutum 1 cikin 5 a wuraren rikici na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, damuwa ko fargaba ko wannan firgicin ko mafi tsanani. Adadin na da yawa, amma ni abin da na ɗauka a ciki shi ne kar in maida kowa majinyaci.

Kuma ba wanda zai zo ya ce miki ina da firgici. Cewa za a yi zuciyata na bugawa, kaina na sarawa, jikina duk ya mutu, ko a ce yaron nan iska ta taɓa shi. Akwai wani yaro ɗan wajen shekara 8, da ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin zanin uwarsa ya saki fitsari, a ƙasar da kabu-kabu ke wucewa kowane minti. Uwar tana ba shi rubutu. Ban hana ba, me zai sa in hana, na dai roƙe ta a daina dukansa kan fitsarin, muka sa shi cikin yara masu wasa, da abin ya ƙi sauƙi muka miƙa shi ga ma'aikacin lafiya. Wanda nake faɗa da shi kam shi ne ƙwayar barci irin su baliyam da ake saya a tebur, tun 2013 hukumar ta ce kar a ba da irinsu don firgicin watan farko, ga saurin kama jiki.

Maganar haƙuri ma sai da na gyara bakina. Ki yi haƙuri kalma ce mai kyau, amma in kin yi saurin faɗa sai ta zama kamar kin ce ya isa haka yi shiru. Abin da ya fi cin mutane da yawa ashe ba su binne mamatansu ba, ba wanka ba sallah ba zaman makoki, gudu kawai. Ranar da wani liman cikin 'yan gudun hijirar ya tara jama'a aka yi addu'a aka ambaci sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya, aka raba 'yar sadaka, na ga mata suna kuka irin wanda ake yi a tashi a sha ruwa, daban da wancan na gindin bedi.

Ba wai ba a taɓa buɗe labarin ba sam, ana buɗewa, amma sai daga baya, da yardar mai shi, a hannun wanda ya koya, zama bayan zama. Akwai hanyar da masana na jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara, suka gwada da 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda, ana shimfiɗa igiya a ce rayuwarka ce, dutse na wahala fure na daɗi, a bi su a hankali har a zo yau. Ni na yi tsalle ne na dira kan dutse mafi girma a rana ta uku.

Bayan an kwashe mutane daga bakin iyaka zuwa garuruwa irin su Garin Kaka da Cadakori, wata rana na ga Innar nan bakin hanya da farantin ƙuli-ƙuli. Na so in ratse, ita ta kira ni. Ta ce ɗiyata ina biron naki? Na ce na bar shi gida Inna. Ta yi 'yar dariya, ta ƙulla min na dala ashirin ta ƙara min gyara biyu, muka yi hirar tsadar gyaɗa har mai kabu-kabu ya gaji da jirana.