Bangon da Ba Ya Mayar da Amsa-kuwwa

Sarari ba shi da iyaka, ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa tana da ita. Duk mai lissafa yadda eriya ke watsa igiyar lantarki da maganaɗisu da dabarar FDTD (a yanka sarari zuwa ragar ƙananan gurabe, a bi igiyar mataki-mataki cikin lokaci), wadda Kane Yee ya fitar a 1966, dole ya yanke ragarsa a wani wuri. In aka bar filin lantarki a sifili a bakin ragar, ya zama bangon ƙarfe ke nan, igiya ta dawo kamar ka yi ihu a duwatsun Shere, ta ɓata sakamako.

Cikin dabarun sa bakin raga ya shanye igiya, sharaɗin Mur na 1981 ya fi sauƙin rubutawa. Igiyar da ta zo kai tsaye yakan shanye ta, amma wadda ta zo a karkace da digiri 45, kusan kashi 17 cikin 100 na girmanta ke dawowa. Ingantaccen nau'in sharaɗin, mataki na biyu, ya rage shi zuwa kashi 3. Ga darasin aji ya isa, ga aikin eriya kam a'a.

PML ɗin Berenger na 1994 shimfiɗa ce mai shanye igiya da ake zagaye bakin raga da ita, kamar soson da ake mannawa a ɗakin ɗaukar sauti. A takarda ba ta mayar da komai ta kowace kusurwa. A raga kuwa tana mayarwa, in aka ɗora sigma, wato ƙarfin shanyewar shimfiɗar, gaba ɗaya. Shi ya sa ake hawa da shi sannu a hankali cikin gurabe 10, bisa (x/d)^m, inda x shi ne zurfin shiga shimfiɗar, d kaurinta, m tsakanin 3 da 4, ƙololuwarsa kusan 0.8(m+1)/(377Δ) a iska, Δ kuwa girman gurbi ne a mita. Ɗauki 2.4 GHz: tsawon zango santimita 12.5, a raba 20, gurbi milimita 6.25. Da m = 3, ƙololuwar sigma ta kama kusan 1.36 S/m (siemens a kowace mita).

Ɗalibai a nan Jos, masu lallaɓa ƙaramar kwamfuta kafin a ɗauke wuta, sukan matso da shimfiɗar jikin eriya don rage gurabe. Nan ake yin ɓarna. Filin da ke manne da eriya ba tafiya yake ba, dusashewa yake, kuma PML na asali ba ya shanye shi. A bar tazarar rabin zango, ko a koma CPML, ingantaccen nau'in PML na Roden da Gedney na 2000. Ninka sigma ma ba magani ba ne, ƙara amsa-kuwwa yake yi.

Kada ka yarda da ido. Sake lissafin a raga mai faɗin da igiya ba za ta dawo ba kafin lokaci ya ƙare, ka ɗebe sabon sakamakon daga na farko a gurbi ɗaya kusa da lungun ƙaramar ragar, inda kuskure ya fi taruwa.