Kwano na uku

Yau da yamma ina zaune da Goggo muna kallon wani fim mai dogon zango na Kannywood a waya, don an ɗauke wuta tun azahar. Aka zo daren kawo amarya. Ni da na saba rubutu, har na gama tsara wa uwargida abin da za ta yi: ta shige ɗaki, ta faɗa gado tana kuka, waƙa ta biyo baya. Ina! Sai ga ta a madafa tana kwashe tuwon dare. Ta ɗauko kwano biyu kamar kullum, ta tsaya, ta miƙa hannu ta ɗauko na uku. Ta goge shi da bakin zaninta, ta sake gogewa, alhali babu ƙura a jikinsa. Ko uffan ba ta ce ba. Daga waje ana ta rangaɗa guɗa.

Goggo, wadda da ma rabin kallonta gyangyaɗi ne, ta gyara zama ta ce, "Ke, mayar min baya." Na mayar. Ta kalla har ƙarshe, sannan a hankali ta ce, "Ni ranar tawa gishiri na manta ban sa a miya ba." Fiye da shekara 30 ke nan, ban taɓa jin ta ambaci ranar ba. Na koma ɗaki na buɗe labarin da nake rubutawa, na tarar tawa uwargidar ta cika shafi uku tana bayanin zafin da take ji. Har yanzu ban samo abin da zan ba ta ta riƙe a hannu ba.