Furotin nawa ne a abincin kajin nan?

Masu kiwon kaji su ne suka fi kawo samfur ɗakin gwajin da nake aiki a nan Sakkwato, sai manoman fadama da ke kawo ƙasar gona. Tambayar mai kaji ba ta canzawa: "Malam, furotin nawa ne a abincin nan?" Gaskiyar magana kuwa, cikin kayan da ke gabana babu mai ganin furotin. Naitirojin muke aunawa, sannan mu ninka abin da muka samu sau 6.25, domin galibin furotin kashi 16 cikin 100 nasa naitirojin ne. Idan madara ce da 6.38 ake ninkawa, alkama kuma da 5.7.

Hanyar da muke bi tsohuwa ce. Johan Kjeldahl, mutumin Denmak, shi ya fito da ita a 1883 yana aiki a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg, kuma har yau ban ga wadda ta fi ta dacewa da halinmu ba.

Da farko a niƙe samfurin lukui, a auna kamar giram 1 a zuba cikin kwalba mai dogon wuya. A zuba masa salfurik asid tsantsa, wato irin na ruwan batir amma wanda ba a sirka ba. A ƙara gishirin fotashiyam salfet don asid ɗin ya ɗauki zafi sosai, da ɗan jan ƙarfe salfet don aikin ya yi sauri. Sai a ɗora kan wuta, zafi wajen digiri 400, cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi, don wannan hayaƙin ba abin shaƙa ba ne. Abin zai yi baƙi ƙirin, ya yi kumfa, sannu a hankali ya washe ya koma ruwa garau mai ɗan kore. Ko ya washe ba na saukewa nan take, sai na ƙara masa lokaci, domin akwai naitirojin mai taurin kai da ba ya saki da wuri. A nan ɗalibai suka fi yin gaggawa, a nan ne kuma sakamako ke raguwa ba tare da kowa ya lura ba.

Idan ya huce sai a sirka, a zuba kostik soda, irin ta masu haɗa sabulu. Nan take amoniya, iskar da ke ɗauke da naitirojin ɗin samfurin, za ta taso, tururi ya kora ta ta bututun sanyaya zuwa cikin borik asid mai launi, ruwan ya juye daga ja-ja zuwa kore. Daga nan a riƙa ɗiga asid da aka san ƙarfinsa, ɗigo ɗigo, har launin farko ya dawo. Yawan abin da aka ɗiga shi ke faɗin naitirojin. Dole kuma a yi gwaji guda babu samfur a ciki, a cire abin da ya bayar. Wani abu da Sakkwato ta koya mini: a watan Afrilu ruwan tanki na sama yakan yi zafi, ba ya sanyaya bututu, amoniya ta gudu. Shi ya sa nake wannan matakin da sassafe, ko in nemi ƙanƙara.

Abin da ya dame ni har na zauna rubutu shi ne, gwajin nan bai san daga ina naitirojin ya fito ba. Na waken suya, na ƙuli-ƙuli, na garin kifi, na takin yuriya, duk ɗaya ne a wurinsa. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 naitirojin ce. Idan marar tsoron Allah ya barbaɗa kilo 1 cikin kilo 100 na dusa, takardata za ta nuna furotin ya ƙaru da kusan kashi 3. Saniya da tunkiya na iya amfana da yuriya kaɗan saboda ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu, kaza ba ta iyawa. Mai kaji ya biya kuɗin furotin, kajinsa ba su girma, ƙwai ya ragu, yana riƙe da takarda mai lamba mai kyau. Irin wannan ha'incin aka yi a ƙasar Sin a 2008, aka zuba melamin, wani sinadari mai yawan naitirojin, cikin madarar jarirai, wasu suka rasu, dubbai suka kwanta da ciwon ƙoda.

Wasu na cewa injin Dumas zai warware matsalar. Yana ƙone samfur a zafin da ya haura digiri 900, ya ba da amsa cikin mintuna, babu asid. Ina sha'awarsa ƙwarai, amma yana son wuta tsayayya da tukwanen gas masu tsada, kuma shi ma naitirojin kaɗai yake gani.

Don haka, Alhaji, idan za ka kawo abinci, ka ɗebo daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, ka gauraya. Ka faɗa mana abin da aka ce an haɗa shi da shi. Idan dusa zalla ta nuna furotin irin na waken suya, ka nemi a yi maka gwajin yuriya daban kafin ka biya kuɗin lodin.