mmap suna ɗaya ne, amma kowace furosesa da halinta

Duk mai rubuta manhaja da C a kan Linux ya san mmap, kiran da kake wa kanel, wato zuciyar tsarin aikin kwamfuta, ya shimfiɗa maka fayil a cikin memori ka riƙa karantawa kai tsaye. Abin da aiki ya koya min shi ne da yawan abubuwan da muke ɗauka ƙa'idar mmap ce ashe ɗabi'ar x86 ce kawai, wato dangin furosesar Intel da AMD, su ne suka shagwaɓa mu.

Babbar rigimar tana wajen girman shafi. Shafi-shafi kanel yake raba memori, a x86-64 kowane shafi bayit 4096 ne, shi ya sa mutane suka haddace 4096 kamar karatun allo suna zuba ta cikin kod ba tare da sun tambayi na'urar ba. To ita mmap sharaɗinta shi ne inda za ka fara karanta fayil ɗin dole ya faɗo daidai bakin shafi. Ka ba ta 8192 a laftof ɗinka lafiya lau, shafi biyu cif. Ɗauki kod ɗin nan ka kai Mac mai M1, wanda Apple ta fitar a 2020, can shafi 16384 ne, 8192 ta zama rabin shafi, sai a dawo maka da EINVAL, kuskuren da ke cewa lambar da ka bayar ba ta karɓu ba. Raspberry Pi 5 ma kanel ɗin da yake zuwa da shi shafinsa 16K ne, wato 16384 ɗin nan, sabobin POWER na IBM kuwa galibi 64K. Abin haushin ma, idan mmap ta gaza ba NULL, alamar babu adireshi, take dawowa da shi ba, MAP_FAILED ne wato -1, kuma na sha ganin kod da NULL kaɗai yake dubawa, sai ya wuce abinsa kamar ba komai ya je can gaba ya faɗi, kai kuma kana ta laluben matsalar a inda ba ta nan, sai ka kunna strace, manhajar da ke nuna kiraye-kirayen da ake wa kanel, sannan ka ga -1 EINVAL ɗin a zaune tun daga sama. Ba ƙananan manhajoji kaɗai ba fa, jemalloc ma, sanannen laburaren rabon memori, idan an gina shi da zaton 4K aka kai shi na'ura mai babban shafi ƙin tashi yake.

Sai lambobin tuta, wato zaɓuɓɓukan da kake miƙa wa mmap. MAP_ANONYMOUS, tutar neman memori ba tare da fayil ba, a furosesar x86 da ta ARM 0x20 ce, a MIPS kuma, furosesar da ke cikin rautar intanet da yawa, 0x800 ce. Lambar kiran kanta 9 ce a x86-64, 222 a ARM64. Wanda ya bi ta glibc, laburaren C da aka saba da shi a Linux, duk wannan bai dame shi ba, masu kiran kanel kai tsaye ne suke kwana a ciki.

Wanda ya fi ba ni tsoro dai shi ne wanda ba ya kawo kuskure ko ɗaya. A x86 ka nemi PROT_WRITE, wato izinin rubutu, kaɗai za ka iya karantawa ma, kyauta ce furosesar ta ba ka, POSIX, kundin ƙa'idojin da mmap take bi, bai yi maka wannan alƙawarin ba. Haka in ka rubuta umarnin inji a memori za ka gudanar da shi nan take, x86 da kanta take daidaita ma'ajiyar umarni, ARM kuwa sai ka kira __builtin___clear_cache, in ba haka ba yau ya yi aiki gobe ya gudanar da tsohon abin da ke wurin, gwaji ma ba lallai ya kama shi ba.

Yanzu in aka turo min kod in duba, grep, manhajar laluben rubutu, nake fara kunnawa in nemo 4096 da 0x1000, duk inda na gani sai a canja shi da sysconf(_SC_PAGESIZE), kiran da ke tambayar na'urar girman shafinta, a ja mafarin baya zuwa bakin shafi sannan a ƙara ragowar a kan adireshin da mmap ta dawo da shi. Masu Android ma abin ya iso kansu, daga Android 15 aka fara tallafa wa shafin 16K.