Kwana 47 A Madison, Wajen Jegon Auta

Yau kwanana shida da dawowa Zariya, amma har yanzu barci ba ya ɗaukata sai wajen ƙarfe uku na dare, don jikina yana can yana bin agogon garin Madison na Amurka, inda suke bayanmu da awa shida. Gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Autarmu ce ta haihu a ƙarshen watan Yuli, haihuwar fari, tana shekara ta uku a karatun digirin digirgir kan ilimin ƙasar noma a Jami'ar Wiskonsin. Hajiya ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, aka ce ni babbar ya in je in tsaya mata. Ba zan ɓoye ba, da ƙorafi a cikina na tafi. Shekara uku kiran Auta sai an yi sa'a, biki da suna sai dai ta turo saƙo, dangi har sun fara cewa ta shiga daula ta manta da mutane. Ni ma na ɗan yarda da su.

Ranar 12 ga Agusta na sauka. A filin jirgin na rubuta duk abin da ke jakata, ban ɓoye komai ba: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, kanwa, da kilishin da Hajiya ta sa aka yi wa surukinta musamman. Kilishin dai na riga na ji ba a shiga da nama, don haka da suka ɗauke ban yi gardama ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne wani jami'i da ya ɗaga ƙullin daddawa da yatsu biyu, ya kawar da kai, ya kira abokin aikinsa suna dariya, kamar ba mutum ba ce tsaye a gabansu. Na ce masa da Turancin da nake koyar da yara da shi shekara ashirin, wannan abincin mutane ne, kuma tsohuwa ce ta ƙulla da hannunta. Bai ba ni haƙuri ba, amma ya mayar min da ita. Mutum yana iya yin aikinsa ba tare da ya wulaƙanta baƙo ba.

Daga nan bas, awa uku. Masara iya ganin ido, kore shar, kai ɗaya kamar an aske, ga rumbunan ƙarfe dogaye da shanu baƙi da fari, amma ba ka ganin mutum ko ɗaya a gona. Ni da na saba ganin hanyar Giwa a watan Agusta cike da masu noma da yara masu kai abinci, sai na ji wurin ya yi min shiru da yawa.

Madison gari ne da aka dasa a wani siririn tudu tsakanin tafki biyu, Mendota da Monona. Su Auta suna zaune a Eagle Heights, rukunin gidajen da jami'a ta tanada wa manyan ɗalibai masu iyali, kusa da bakin Mendota. Da yamma in ka fito sai ka ji ƙamshin girki kala-kala yana fita ta tagogi, na 'yan Sin, na 'yan Indiya, na Larabawa, yara kuma suna ta tsere da kekuna kowa da yarensa. Gidan nasu ɗaki biyu ne ƙanana. Gadon jaririya na jingine da teburin karatu, takardu a kan firji, takardu a ƙarƙashin kujera. Na duba ko'ina ina neman daular da ake faɗa a gida.

Abin da ya fara rikita ni rana ce. Ƙarfe takwas saura kaɗan ake kiran magariba. Su wannan lokacin suke kira bazara, amma ba irin tamu ba ce mai ƙura da jiran hadari; ya fi kama da tsakiyar damina, zafi mai danshi, ciyawa ko'ina, ga sauro a bakin tafki.

Kwana biyu da zuwana maigidan Auta ya ce, "Yaya, shirya, yau za ki ga abin mamaki." Ya aro motar maƙwabci muka shiga cikin gari. Ashe yawancin gidajen hayar ɗalibai da ke kewayen jami'a, yarjejeniyarsu ranar 14 ga Agusta take ƙarewa, sabuwa ta fara ranar 15. Wato dubban mutane ke tashi a rana ɗaya, kuma duk abin da mutum ba zai iya ɗauka ba sai ya fitar bakin titi. Kujerun falo, katifu, tebura, fitilu, tukwane, fanka, littattafai, tuli-tuli a kowane layi, kowa ya zo ya ɗauki wanda yake so. Da farko kunya ta hana ni fita daga mota, na ce me za a ce a gida in aka ji surukinmu na tsintar kaya a titi? Sai ga wani dattijo fari tas da tabarau yana cicciɓar kanta shi da matarsa, ko a jikinsu. Muka samu kantar littattafai ta katako mai kyau, da kujera mai lilo wadda Auta ta yi ta shayarwa a kai har na taho, da tukunya babba wadda ta zama tukunyar tuwonmu. Katifa da kujerun yadi ya hana mu taɓawa, ya ce kuɗin cizo. Har yanzu ban gama yanke wa abin hukunci ba. Almubazzaranci ne ƙarara, don na ga kayan da za a yi wa amarya biyu jere da su an bar wa motar shara. Amma kuma ba wanda ya kalli wani da raini don ya sunkuya ya ɗauka, wannan kam ya burge ni.

Wankan jego ya zo da nasa. Babu darbejiya, babu murhu, babu garwa. Ruwan zafi daga famfo yake zuwa, a baho muke yi. Ranar da na turara ɗaki, wata na'ura da ke manne a rufi ta kama ihu har maƙwabciya ta fito. Kan kunun kanwa kuwa sai da muka yi 'yar jayayya. Auta ta ce, "Yaya, ki rage kanwar nan. Likitoci a Zariya ɗinmu sun daɗe da gano yawan kanwa da tsananin zafin wanka suna taɓa zuciyar mai jego." Na ce iyayenmu da shi suka rayu. Ta ce wasu kuma da shi suka tafi ba a sani ba. Na yi shiru, na rage.

A wannan zaman ne na ga yadda rayuwar take. Jaririya ba ta cika sati uku ba Auta ta koma kan kwamfuta, hannu ɗaya riƙe da 'ya, ɗaya yana danna lissafi. Na yi faɗa, na ce mai jego ce ke. Sai ta zaunar da ni ta yi min bayani dalla-dalla. Ba albashi take ɗauka ba irin na ma'aikaci, alawus ne na mai taimaka wa malami a bincike da koyarwa, shi ke ɗauke mata kuɗin makaranta da inshorar asibiti. Bizar ɗalibi ba ta yarda ta yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba in ana zangon karatu. Maigidanta kuma, da ya ajiye aikinsa a Kaduna ya biyo ta, irin bizarsa ba ta ba shi izinin yin aiki ko na sisin kwabo. Daga wannan alawus ɗin ake biyan haya, abinci, kayan jaririya, a kuma tsakuro abin da ake turo wa Hajiya. Ta buɗe min littafin da take rubuta kashe-kashe, har kuɗin wankin kaya a inji yana ciki. Mu a gida dala muke ji mu buga ta da naira mu ce kuɗi ne. Ba ma buga hayar gidan da naira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daren nan na daɗe ban yi barci ba, ina tuna saƙonnin da ni kaina na tura mata ina cewa wance za ta aurar da 'ya, a yi ƙoƙari.

Shi kuwa surukin namu, Allah ya yi masa albarka. Namiji ne da zai goya 'ya a ƙirji ya wanke kwanuka ya yi cefane, ba ya jiran a gode masa. Ranar farko abin ya yi min banbaraƙwai, na karɓe tsintsiyar daga hannunsa. Ya ce, "Yaya, in kin tafi wa zai yi?"

Abokan karatunta ma sun yi abin da ban zata ba. Gonakin gwajinta suna Arlington, tashar binciken noma ta jami'ar da ke arewa da gari, kuma dole a ɗebi samfurin ƙasa a kan lokaci, don shuka ba ta jiran mai jego. Su suka raba aikin a tsakaninsu suka ɗebo mata. Sannan suka tsara kwanaki, yau wannan ya kawo abinci, jibi wancan, kowa ya tambayi abin da ba ma ci kafin ya dafa. Sai dai ba sa zama. Mutum zai miƙo kwano a ƙofa, ya leƙa jaririya, minti biyar ya juya. Ni da na saba da 'yan barka su cika ɗaki har dare, na ce wannan wace irin barka ce? Auta ta ce a wurinsu barin ka ka huta shi ne girmamawa. Na fahimta, amma ɗakin ya yi min faɗi duk ƙanƙantarsa.

Ranar Asabar akwai kasuwar manoma da ke ci kewaye da ginin majalisar jiha, tun 1972 ake yin ta. Kowa gefe ɗaya yake bi yana zagayawa, ba mai ture wani, ba kuma ciniki. Abin da aka rubuta shi za ka biya. Na gwada cewa a rage min, Auta ta taɓa ni a hankali. Kuɓewa ɗan ƙulli dala huɗu, wadda a kasuwar Samaru gyara za a ba ka ita. Amma a rumfar wata tsohuwa 'yar ƙabilar Hmong, mutanen da suka zo daga Laos bayan yaƙin Biyetnam, na ga alayyafo da gauta da barkono mai zafin gaske. Ba ta jin Turanci sosai, ni ba na jin nata, ta dubi goyon da ke bayana da zani, ta nuna bayanta tana murmushi, alamar su ma haka suke goyo. Ta ƙara min damin alayyafo guda kyauta. Akwai kuma wani cuku ƙanana-ƙanana da suke ji da shi, mai ƙara a haƙori, ya tuna min da wara.

Wata yamma muna zaune a dandalin ɗalibai na bakin tafki, inda aka jera kujerun ƙarfe kore da ruwan ɗorawa da ruwan lemo, ina yi wa jaririya wasa, sai na ji an ce, "Sannu da hutawa, ina gajiya?" Na waiga, wani tsohon Bature ne da sanda. Ya ce a nan jami'ar ya koyi Hausa yana saurayi, wajen Neil Skinner, wanda ya yi aiki a Zariya kuma ya yi ƙamus na Turanci da Hausa. Sashen harsunan Afirka na jami'ar a 1964 aka kafa shi. Hausar tasa ta yi tsatsa, amma gaisuwa ba ta kuɓuce masa ba, har "ina jego" ya yi wa Auta. Mako na zagayowa shi da matarsa suka kai mu gonar tuffa, muka tsinko da hannunmu, suka hana mu biyan ko sisi.

Arba'in ta cika a makon da aka koma aji, bayan hutun ma'aikata na Litinin ɗin farko ta Satumba. Garin da na tarar shiru ya cika maƙil da yara sabbin shiga. A gida ranar arba'in mai jego kitso take yi da lalle ta fita yawon gaishe-gaishe. Auta jaka ta rataya, ta tatsi nono a kwalba ta bar mana, ta hau bas ƙarfe bakwai da rabi don tana da ɗalibai a ɗakin gwaji. Ta dawo da takardunsu tana makin su har sha ɗaya, sannan ta buɗe nata karatun, don a watan Nuwamba za ta zauna babbar jarrabawar da in ta haye za a sake ta ta fuskanci kundinta. Ta kai ni babban laburare ta nuna min 'yan ɗakunan karatu masu ƙofar waya da ake ba manyan ɗalibai, su da kansu keji suke kiransu. Tebur ne da kujera da kanta, sai mutum da littafinsa. Mu kaka lokacin tara amfani ne da hutawa da bukukuwa. Su kakarsu lokacin ɗaura ɗamara ce, kowa yana gudu kafin sanyi ya rufe shi.

Daga nan kwanakin suka yi ta gudu. Magariba ta dawo kafin ƙarfe bakwai. Ganyaye suka fara ja da rawaya daga saman bishiya. Dinya ta rinƙa wucewa a jere tana kuka, ga wasu dogayen tsuntsaye masu jan goshi kamar gauraka suna kiwo a lambun unguwa, inda surukina ke da ɗan fegi na kuɓewa da tumatir. Ranar wasan ƙwallonsu gari duka ja ya sa, mutum fiye da 70,000 a fili ɗaya, mu dai muka zauna a gida. Na saya wa Auta rigar sanyi a shagon gwanjo dala 12, da na zo biya kuɗin ya ɗara abin da ke jikin rigar, wai haraji ba ya cikin farashi. Sun ce tafkin nan daskarewa yake yi a hunturu har a yi tafiya a kansa.

Ranar 28 ga Satumba na taho, da asuba, hayaƙi na fita daga bakinmu. Auta ta rako ni tashar bas cikin rigar gwanjon, ta ce, "Yaya, ki ce wa Hajiya ina lafiya, kada ki faɗa mata sauran." Na faɗa mata duka. Jiya Auta ta kira ta ce raɓar ƙanƙara ta sauka da dare ta ƙone kuɓewar lambu, jaririya kuma ta fara dariya. Hajiya ta karɓi wayar ta tambayi ranar jarrabawar, ta sa na rubuta mata a jikin kalanda.