Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Dami Goma

Makon jiya na tsaya a inda bushiya ta kashe mana shanun huɗa biyu a 1983. Ashe somin taɓi ne.

Daminar 1984 ta sauka a makare a ƙauyenmu da ke ƙasar Sumaila. Muka yi shuka, ta ƙone, muka sake. Da gero ya ɗauki ciki sai sama ta ɗauke cak. Kullum da yamma hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, mu yara mu fito da ƙore, iska ta zo ta watsa shi.

A lokacin Baba bai fi shekara shida da karɓar baftisma a ikilisiyar ECWA ba, kuma shi kaɗai ne mai bi a cikin 'yan ɗakinsu. Sauran suna nan kan al'adarmu ta Maguzawa, suna yi wa Uwar Gona, wato aljanar gona, yanka. Wani dare Baffa, yayansa, ya shigo gidanmu riƙe da jar kaza.

"Kai ka jawo mana. Tun da ka daina yi wa Uwar Gona yanka, me ka gani? Ga kaza, ban ce ka biya ba."

Baba ya sunkuyar da kai, don bai taɓa ɗaga wa Baffa murya ba. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Na riga na ba da gonar ga wani."

Ni kuwa ina bayan zana, ina cewa a raina: ka karɓa mana! Shekarata 13, cikina ba abin da ya sani sai kwaɗon tafasa da rama, wa'azi bai dame ni ba.

Da ma in ce muku washegari aka kwana ana ruwa. Ba a yi ba. Gonar da take ba mu dami sittin, goma ta ba mu, wasu ma kan duk ƙaiƙayi. Na Baffa, da ya yi yankan, bai fi haka ba, amma wannan bai sanyaya mini rai ba.

Ran Lahadin godiyar kaka, Iya ta ware dami guda ta ɗora mini a ka. Na ce, "Iya, Allahn da ya hana mu ruwa za mu kai wa zakka?" Na zaci mari zan sha. Sai ta gyara mini gammo kawai, ta ce, "Tafi, kar mu makara."

A majami'a Fasto ya karanta Habakuk sura 3, wurin da annabin yake cewa ko ɓaure bai yi 'ya'ya ba, ko gonaki sun ƙi, ko garke ya zama wayam, shi dai zai yi murna da Ubangiji. Da ya kai kan garken, na ga Baba yana share ido da hannun riga. Ban taɓa tsammanin akwai mai irin asararmu a cikin Littafi Mai Tsarki ba. Da daddare na sa Baba ya nemo mini wurin, na yi ta haɗa baƙi a gaban aci-balbal har mai ya ƙare.

Hatsin da aka tara, dattawan ikilisiya suka raba wa gwauraye. Wata bazawara Musulma da ke bayan gidanmu ma ta samu tiya biyu, kuma ita ce daga baya ta riƙa aiko mana da kuka da daddawa.

Kafin Kirsimeti rumbunmu ya kusa ƙasa. Baba ya ɗaure tabarmarsa zai tafi cin rani Kano, ya damƙa mini Littafin, ya ce a wurina zai zauna har ya dawo. Abin da ya same shi a Sabon Gari, sai mako mai zuwa.