Yini Guda a Jos: Dilimi, Balangu da Kawunan Nok

Tsakanin Bauchi da Jos kusan kilomita 130 ne, tafiyar awa biyu idan direba bai tsaya kwasar fasinja a kowane gari ba. Namu kuwa ya tsaya. A Nabordo ya sauke buhunan wata tsohuwa, a Magama Gumau ya ɗauki ɗalibai biyu, sai da muka wuce Tilden Fulani sannan ya ba mota wuta. Daga nan hanya take fara hawa, duwatsu su miƙe hagu da dama, iska ta sauya. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, kuma a watan Disamba ba sai an gaya maka ba, kunnuwanka ne za su fara ba ka labari.

Aike ne ya kawo ni. Motar yayana tana kwance a gareji, lagireto ya fashe, bakanike kuma ya dage sai ɗan Beljiyam, wai sabo na kwali ba ya ƙarko. Da zan fito Yaya ya ce, "Ka zarce Dilimi, kuma kada ka ba da ko sisi sai an cika shi da ruwa a gabanka." Haka aka yi, na nufi Dilimi, unguwar masu sayar da kayan gyaran mota. Mai shagon Ibo ne, amma Hausar bakinsa har da karin magana. Ya toshe bakunan da leda, ya ɗura ruwa, muka tsuguna muna jiran ɗigo, shiru. Na taya, ya ce albarka, na yi kamar zan tafi, ya kira ni ya sallama. Kafin sha biyu na miƙa kwalin ga wani direba a tashar Bauchi Road, da lambar Yaya rubuce a jiki. Sauran yinin ya zama nawa.

Wani abokina mazaunin Gangare ya same ni a masallaci bayan azahar. Na ce tsire nake so, ya yi dariya ya ce masu tsire ba sa hura wuta da gaske sai la'asar sakaliya, da rana sai balangu. Ya kai ni wurin wani dattijo mai rumfar kwano, naman rago shimfiɗe a kan waya, an lulluɓe rabinsa da takardar siminti don ya turaru a hankali. Garwashin ba ya ci bal-bal, kitse ne kawai ke ɗiga yana cewa cuu. Dattijon ya yanko ɗanɗano ya miƙo mini a bakin wuƙa.

"Baba, a haɗa da hanta da ɗan kitse."

"Kai dai zauna, yaro. Wanda ya zo daga nesa ba a ba shi ƙashi."

Ya yayyanka a kan katako, ya barbaɗa yaji mai citta da kanumfari, ya zuba albasa, sannan kabeji da tumatur har sun kusa rufe naman. Wannan kam sai Jos, inda kayan lambu ba a yi musu rowa. Muka aika yaro ya sayo masa, muka kora da kunun aya.

Daga nan muka nufi gidan tarihin Jos, wanda yake cikin gari, maƙwabtaka da gidan zu. Abokina ya ce ranar Sallah layi har titi a ƙofar gidan zu, amma kaɗan ne ke leƙa wannan ɓangaren. Wasu ma da sun ji an ce gumaka sai su juya. Ni aikin hannu na je gani.

A 1952 aka buɗe gidan, kuma wani Bature ɗan Ingila, Bernard Fagg, shi ne ya tsaya a kan kafa shi. Sanadin kuwa haƙar kuza. A 1928 masu haƙa suka fara cin karo da wani ɗan kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kan daga yankin Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya don korar tsuntsaye. Da ya haɗa su ya ga salon iri ɗaya ne, sai ya ba su sunan ƙauyen. Binciken da masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya nuna al'ummar da ta yi kawunan ta zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam.

Na daɗe a gaban kai ɗaya. Idanunsa masu kusurwa uku ne, ƙwayar idon rami ce da aka huda har ciki, haka ƙofofin hanci. Jami'in da ke zagayawa da mu ya ce cikinsa fanko ne, an gina shi ne zagaye bisa zagaye yadda ake gina tukunya, ramukan kuma suna barin zafi ya fita lokacin gashi don kada ya tsage. Abin da ya riƙe ni shi ne gashin: an raba shi curi-curi, kowane da tsagarsa a miƙe. Wanda ya yi wannan ya sha zama kusa da mai kitso yana kallo. Idan ka matsa sosai za ka ga tsakuwoyi ƙanana a jikin yumɓun, santsin da aka shafa masa ya zaizaye.

Ɗakin tukwane mun ratsa shi da sauri, ko da yake ya cancanci yini guda: randuna, tuluna da kaskuna daga sassan Najeriya, wasu sun kai ƙugun mutum.

Sauri muke don mu kai filin gine-ginen gargajiya, aikin da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranta a shekarun 1970. Akwai kwaikwayon ganuwar Kano, akwai na masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A ganina nan ne zuciyar wurin. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta wuce kusan mita 2. To yaya aka rufe ɗaki mai faɗin haka? Sai magini ya riƙa jera azara yana ɗaurewa, kowace ta ɗan leƙo gaban 'yar'uwarta daga ginshiƙai biyu, har su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa, ya zama bakan gizo. Abokina, wanda siminti yake sayarwa, ya ɗaga kai ya daɗe, sannan ya tambayi jami'in ko da gaske babu rodi ko ɗaya a ciki.

"Ranka ya daɗe, ƙasa ce da azara. Abin da take nema kawai yaɓe kafin damina."

Sashen kayan haƙar kuza ba mu samu shigarsa ba, don an yi la'asar tuni, ni kuma ba na son magariba ta same ni a hanya. Muka tari keke zuwa tasha, muka tarar saura mutum ɗaya mota ta cika, aka cusa ni baya tare da buhun dankalin Turawa.